Baƙin Faifan Safiyanu

Sunana Rabi'u, gyaran rediyo nake yi a Jega tun kafin a ba mu jiha, kuma bango ɗaya ne ya raba shagona da na Safiyanu. Abin da zan ba da labari a gabana aka yi shi, wani ma da hannuna. 'Yan teburin mai shayi sun mai da maganar abin dariya, kowa ya tashi sai ya ƙara mata gishiri. Ni kuwa har yau in na tuna sai in ji abinci ya fita a kaina.

Safiyanu mutumin Aliero ne, noman albasa suka gada a gidansu. Shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato yana ganiyar ƙarfinsa, buhun albasa shi kaɗai yake saɓawa ya hau mota da shi. Ya auro Bushira daga Maiyama, suka sami 'ya mace, Raihanatu. Ana nan sai motar da suka yi wa lodi ta kwanta da su a hanyar Jega, buhuna suka danne masa ƙafar dama. Masu ɗori sun yi bakin ƙoƙarinsu, ƙashin ya kama, amma a karkace. Gona ta gagare shi, dako ya gagare shi. Ya shekara biyu a zaure 'yan'uwa na aiko masa da abinci, har surukinsa ya fara aiko da saƙon ko Bushira za ta dawo gida ta ɗan huta. Kowa ya san fassarar irin wannan hutun: mace ta tafi, ba a ce an saki ba, ba a kuma sa ranar dawowa ba.

Wannan saƙon ne ya tashe shi tsaye. Ya sayar wa yayyensa rabonsa na fadama, ya kwaso iyalinsa ya dawo Jega, ya kama ɗaki ciki ɗaya da shagon da ke gefena. A wajen wani mai kayan Kwatano ya sayi talabijin da injin gem guda biyu, da tarin faya-fayai a leda. Lokacin mulkin farar hula bai daɗe da dawowa ba, abin kuma sabo ne fil a garin. 'Yan kabu-kabu, 'yan dako, ɗaliban sakandare, har wani ma'aikacin ƙaramar hukuma mai tumbi da ke fakewa da kawo mini gyara, duk layi suke yi a benci su buga ƙwallo a talabijin. Sana'a ce ta zaune, daidai da mai ƙafa ɗaya. Bushira ta murmure, Raihanatu ta shiga makaranta, saƙon Maiyama ya ɗauke.

To, injin nan akwai mugunta a cikinsa. Waɗanda suka ƙera shi sun sa masa wani makulli da ido ba ya gani. In ka ɗora masa faifai sai ya fara shinshina shi, in na kamfaninsu ne ya buɗe, in kwafi ne ya yi ta juyawa ya bar ka da kallon banza. Faya-fayan Safiyanu kuwa duk kwafi ne, farare masu ƙyalli, ban da guda ɗaya tak da ya zo a cikin kwalin. Shi wannan na asali ne, cikinsa baƙi wuluk. Wasan da ke kansa ma ba mai so, wasu dabbobi ne ke ta tsalle-tsalle, amma da shi ake yaudarar injin. Safiyanu zai cusa tsinken ashana a wani ɗan rami don injin ya zaci murfinsa a rufe yake, ya ɗora baƙin faifan, ya kunna, ya kara kunne. Da injin ya gama shinshinawa ya sassauta gudu, sai ya fizge baƙin ya danna fari a gurbinsa kafin ka ƙifta ido. Na sha gwadawa ban taɓa dacewa ba, shi kuwa yana yi yana hira.

Duk sanda wuta ta ɗauke, ko za a sauya wasa, sai an sake wannan aikin, a yini ya kai sau talatin. Shi ya sa ya raɗa wa baƙin faifan suna iri, don a wurinsu manomin da ya rasa iri ya gama noma. A ƙyalle yake naɗe shi ya sa a aljihun gaba, ko masallaci da shi yake zuwa.

Ga nawa laifin. Akwai wani ɗan ƙarfe da ake liƙa wa injin a ciki, ya daina wannan tantancewar gaba ɗaya. Na ji labarinsa, na sa aka kawo mini daga Anacha, na cika baki na ce aikin minti goma ne. Ba takarda a gabana, ban kuma taɓa ganin wanda ya yi ba. Na ɗora dalma inda ba nan ba, injin ya yi hayaƙi ya mutu murus. Safiyanu bai zage ni ba, da ma ya zage ni na huta. Ya dai janye ɗayan ya rungume, ya ce ko da wasa kada ƙarfen dalmata ya sake matsowa kusa. Daga ranar shagon ya koma kan inji ɗaya da baƙin faifai ɗaya.

Akwai Malam Waliyyu, malamin firamare, yakan zauna a bencina bayan la'asar. Ya taɓa wallafa ɗan littafin lissafi da Hausa, masu hoton takarda suka yi ta buga shi suna sayarwa, shi ko godiya bai samu ba. Abin yana cinsa, don haka ba ya ganin Safiyanu ya ƙyale.

"Safiyanu," in ji shi, "abin ga da kaka yi haƙƙin mutane na. Wasu sunka zamna shekaru suna wahala bisa wasan ga, kai kana ci, ko sunanka ba su sani ba."

"Malam, ina sunka kasa shi niƙ ƙi saye? Na biɗa Birnin Kebbi, na biɗa Sakkwato. Gwada min shagonsu in tahi da sandata."

"Rashin shago ba shi halatta maka kayan wani."

"Mu Aliero in ka sayi albasa taka ta. Ka ci, ka dasa, ka ɗebi iri, ka ba maƙwabci. Ba mu taɓa jin an sai ma mutum abu an riƙe makulli ba."

"Albasa Allah yay yi ta. Wanga ɗan Adam yay yi shi, kuma shi ma shina da ɗiyan da za shi ciyar."

Maganar 'ya'ya takan taɓa Safiyanu. Ni ban ce Malam ƙarya yake ba, wanda ya yi wahala ya kamata ya ci. Amma faya-fayan kwafi kwantena-kwantena ake shigo da su ƙasar nan, makullin bai hana masu buga su komai ba. Gurgun Jega kaɗai ya sa yake kara kunne a jikin roba tun safe har yamma. An kuma ce faifai guda na asali, in an same shi a Legas, kuɗinsa ya sayi tunkiya. Na ce wa Malam in haka ne sai dai mutum ya sayar da garke kafin ya buɗe shago, ya ce ni dai in gyara rediyona.

A shekara ta uku Jibrilla, wan Bushira, ɗan kabu-kabu a Maiyama, ya ga mijin ƙanwarsa yana samu, shi ma ya je wajen mai kayan Kwatanon ya sayo inji iri ɗaya. Sai da ya kai gida ya gane babu baƙin faifai a kwalin. Ya zo Jega daidai lokacin da taransifomar unguwarmu ta ƙone, mun kwana huɗu ba wuta, shagon Safiyanu a rufe. Da ma ya sha zama yana kallon yadda ake sauyin, hannunsa ya faɗa.

"Ara min irin ga kwana biyu," in ji Jibrilla, "tunda ba ka aiki da shi."

Na ƙyafta wa Safiyanu ido, na taka masa ƙafar mai lafiya. Da Jibrilla ya fita duba babur ɗinsa na ce masa kada ya kuskura.

"Rabi'u, iri na," in ji shi. "Gidanmu ba a taɓa hana iri ba, ko ga wanda ba a shiri da shi. Balle wan matata."

Haka al'adarsu take. Manomi yana iya hana ka buhu, yana iya hana ka jaki, amma in ka zo neman abin shukawa ba ya cewa babu alhali akwai. Na ce masa wannan roba ce, ba a shuka ta. Ya ciro ƙyallen daga aljihu ya miƙa da hannu biyu.

Kwana uku sai ga Jibrilla da hantsi. Ya ƙi shigowa, ya tsaya a jikin babur kansa a ƙasa, ya miƙo faifan naɗe a sabon farin ƙyalle. Da ƙyar maganar ta fito. Ashe a ɗakin uwarsu Gudiya yake ajiye kayan, ya bar faya-fayan a kan talabijin ya fita. Gudiya tsohuwa ce mai tsabtar tsiya, duk Maiyama an san kwanukanta. Ta ga sauran suna ƙyalli wannan ya yi baƙi, ta ɗauka hayaƙi ne ya kama shi kamar gindin tukunya. Ta kuma ji an ce na surukinta ne, ta ga abin kunya ne a mayar masa da kayansa da dauɗa. Ta samo toka da soso da ɗan yashi, ta zauna ta dirje shi iya ƙarfinta.

Safiyanu ya warware ƙyallen. Cikin faifan ya koma toka-toka, ba inda soso bai zana ba. Ya daɗe yana kallo.

"Ta sani?" ya tambaya.

"Ban hwaɗa mata ba. Ce mata niy yi injina na yal lalace."

"Kada ka hwaɗa mata."

Iyakar abin da ya ce ke nan. A wurinmu mutum ba ya haɗa ido da uwar matarsa, ko sunanta ba ya kamawa, balle ya ce ta yi masa ɓarna. Ni da ba surukata ba ce na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu. Jibrilla ya tura injinsa ƙarƙashin gado ya koma kan babur. Shi yana da abin komawa.

Washegari aka gyara wuta. Muka zauna da faifan, mun goge da man goge baki, mun goge da auduga da man gyaɗa, har kakin zuma na shafa. Injin ya juya, ya yi ƙas-ƙas, ya tsaya. Samari suka yi kwana biyu suna zuwa suna zama a benci, daga nan suka daina. Safiyanu ya ɗauki sanda ya shiga mota, Birnin Kebbi, Sakkwato, shago-shago. A bakin 'yan kasuwa duk abin da bai fashe ba orijina ne, kowa ya rantse masa, ya juya cikin ya ga fari ya mayar. Wani maras tsoron Allah ya sayar masa da kwafin da cikinsa baƙi ne, ya dawo yana murna, injin ya ƙi ko kallonsa. Ranar ce ya shigo shagona ya ajiye injin a teburina ya ce in ɗauko ƙarfena, in ya ƙone ya ƙone. Na aika Anacha. Aka ce sabon samfuri ya fito, an daina kawo ɗan ƙarfen wannan, in jira. Na jira, har yau bai zo ba.

Wata biyu shago ba ya motsi. Abinci ya koma sau ɗaya a gidan, in na aika musu da hatsi sai ya ƙi fitowa kwana biyu don kunya. Wuyansa ya yi tsawo, riga ta yi masa yawa. Sai saƙo ya zo daga Maiyama: baban Bushira ya ce bayan Babbar Salla Gudiya za ta zo ta tafi da 'yarta da jikarta su huta.

"In sunka tahi da ita ba ta dawowa," in ji Safiyanu. "Babanta ya daɗe shina jiran ranar ga. Rabi'u, mi za ni yi? Ko bara anka ce in yi, ni ina yi."

Ban taɓa ganin tsoro a fuskar namiji kamar na ranar ba. Malam Waliyyu ne ya kawo shawara. Yana da ƙane da ke aiki a Legas, ya san wani babban kanti da ke sayar da na asali, a rufe da hatimin kamfani.

"In za ka yi, yi na halas," in ji Malam. "Wanda yab bi hanya ba shi taɓewa."

Safiyanu ba shi da abin sayarwa sai talabijin, in ya sayar kuwa an gama. Bushira ce ta sauke jerenta, tasoshi da kwallayen da aka kawo ta da su, ta ba dillaliya ba tare da ta gaya masa ba. Da kanta ta zo ƙofar shagona lulluɓe, ta durƙusa ta ajiye ƙullin a gaban Malam.

"Malam, ku sayo mashi," ta ce. "Ni ban gaji ba, balle in huta."

Sati uku muna zuba ido. Ana saura kwana huɗu Salla direban wata motar albasa ya kawo saƙon. Kwali ne mai kyau, a liƙe, da ɗan littafi a ciki. Aka buɗe, cikin faifan baƙi wuluk, yana sheƙi. Labari ya zaga, kafin azahar benci ya cika har waje. Malam Waliyyu sai murmushi yake yi, yana cewa yau dai an sayi abu wurin masu shi. Safiyanu ya yi bisimilla, ya cusa tsinken ashana, ya ɗora, ya kunna, ya kara kunne.

Injin ya juya, ya shinshina, ya tsaya. Ya sake, haka. Na ce ya cire tsinken ya rufe murfin yadda aka yi shi a yi, tunda na asali ba ya buƙatar dabara. Ya rufe. Injin ya ƙi shi kamar yadda yake ƙin kwafi. Ya goge, ya hura, ya sake har sau bakwai, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Masu benci suka fara zamewa ɗaya-ɗaya.

Malam ya sa tabarau ya karanta bayan kwalin, ya juya injin ya karanta rubutun da ke gindinsa, ya koma kan ɗan littafin. Ya daɗe kafin ya ɗago. Ya ce masu abin sun raba duniya gida uku, kowane gida da injinsa da faifansa. Injin Safiyanu na ƙasashen gabas ne, ta Kwatano ya ɓullo, faifan kuma an yi shi ne don injunan Turai. Duk na kamfani ɗaya ne, amma an hana wannan karɓar wancan. Kantin kuwa ba ya karɓar abin da aka riga aka buɗe.

"Malam, wanga ba na halas ba na?" in ji Safiyanu.

"Na halas na."

"Na biya su?"

"Ka biya."

"To mi niy yi musu kuma?"

Malam ya rufe ɗan littafin. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu yana kallon ƙasa. Daga baya ya ce mini har gobe bai yarda kwafi daidai ne ba, amma wannan ma haƙƙi ne, bai dai san ƙofar da za a kai ƙara ba. Ni kam na san abin da na gani. Shekara uku mutumin nan yana cin abinci da kwafi lafiya lau, ranar da ya sayi na gaskiya da kwanukan matarsa ranar aka rufe masa ƙofa. Na ji haushin masu injin, na ji haushin Malam, na fi jin haushin hannuna.

Kwana biyu bayan Salla, da safe, Gudiya ta iso a motar haya tare da Jibrilla. Kayan ba su da yawa, akwati ɗaya ne da tabarma da ƙullin tufafin yarinya. Na taya Jibrilla ɗaurawa. Bushira ta fito idonta jawur, ba ta yi kuka a gaban uwarta ba, ta riƙe hannun Raihanatu ta shiga baya. Safiyanu ya cire takalmi daga nesa, ya dafa bango ya sauka ƙasa ya gai da surukarsa. Ta kau da kai gefe ta amsa, ta ce ya yi haƙuri, ɗan hutu ne, in abubuwa sun daidaita ai Maiyama ba nisa.

Har ta sa ƙafa a mota sai ta tuna wani abu. Ba ta dubi Safiyanu ba, ta yi magana da ɗanta yadda shi zai ji.

"Jibrilla, tambayi maigidan ga, abin nan nashi da nig gyara mai, shina dai aiki? Baƙin yaƙ ƙi hita duka, hannuna ba ƙarhi yanzu."

Jibrilla ya sunkuya yana jan igiyar da ya riga ya ɗaure. Bushira ta rufe fuska da mayafi. Na yunƙura zan yi magana, na dubi Safiyanu, ya girgiza mini kai kaɗan.

"Shina aiki, Inna," in ji Safiyanu. "Allah shi saka da alheri."

"Madalla. In ya sake dauɗa a aiko min."

Motar ta tashi. Yanzu Safiyanu yana kasuwar albasa, a zaune yake ɗinke bakin buhuna da basilla, in dare ya yi ya kwana a rumfa. Bushira ba ta sake kwana a Jega ba.